Faifan Da Ɓarayi Suka Yi Wa Talla

A shekarar 2008 masu kamfanonin faifai a Amurka suna cikin halin ƙaƙa-nika-yi. Ciniki yana ta ja da baya shekara bisa shekara, domin samari sun gane hanyar kwasar waƙa daga intanet ba tare da sun biya ko anini ba. Ana cikin haka, ran 10 ga watan Yuni, sai wani mawaƙin gambarar zamani mai suna Lil Wayne ya fito da faifansa, Tha Carter III. Kafin mako ya zagayo an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Rabon da a ga irin wannan tun 2005, lokacin faifan 50 Cent mai suna The Massacre. Da shekara ta ƙare aka yi lissafi, babu faifan da ya kai shi kasuwa a duk faɗin ƙasar.

Shi dai wannan mawaƙi, sunansa na ainihi Dwayne Michael Carter. An haife shi a 1982 a birnin New Orleans da ke Kudancin Amurka, ya tashi a Hollygrove, unguwar talakawa baƙar fata. Tun bai balaga ba ya shiga hannun kamfanin Cash Money, na wasu 'yan'uwa biyu, Bryan da Ronald Williams. A wancan zamani mawaƙan New York da na Los Angeles su ne ke riƙe da ragamar wannan sana'a, kallon ƙauyawa suke yi wa 'yan Kudu. Har ma a 1995, da aka ba mawaƙan OutKast na Atlanta lambar yabo a wani biki a New York, ihu 'yan kallo suka yi musu. Amma kuɗi ba su san raini ba: a 1998 babban kamfanin Universal ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 30 da Cash Money.

Abin mamaki shi ne hanyar da Wayne ya bi ya kai ga wannan ciniki. A 2006 da 2007, yayin da sauran mawaƙa ke ɓoye waƙoƙinsu kamar kuɗin adashi, shi saki yake yi. Ya fitar da tarin waƙoƙi irin su Dedication 2 da Da Drought 3, waɗanda yawancin masu saurare suka samu a kyauta, kuma duk mawaƙin da ya gayyace shi sai ya je ya sa baki a waƙarsa. Ba ya rubuta baiti a takarda, da ka yake zubawa. Sa'an nan a 2007 ɓarayin fasaha suka sace waƙoƙin da ya tanada domin sabon faifan, suka watsa a intanet. Wani da sai ya zauna zaman makoki. Shi kuwa ya tsinci biyar daga ciki ya sayar a watan Disamba da sunan The Leak, watau abin da ya yoyo, ya koma ɗakin ɗaukar murya ya sake sabon lale. Ashe satar nan talla ce. Ta sa mutane sun ƙagu su ji abin da ya rage a rumbu, ranar da faifan ya fito kuwa suka sa hannu a aljihu.

Ba za a ce kowace waƙa a ciki ta yi armashi ba. Akwai batsa, akwai fankama, akwai wadda cikon benci ce kawai. Lollipop, wadda ta yi mako biyar a saman jerin Billboard, waƙar holewa ce, kuma abokin rera ta, Static Major, ya rasu a watan Fabrairu bai ga nasararta ba. Inda faifan ya yi nauyi shi ne Tie My Hands, kukan da Wayne ya yi wa garinsu bayan guguwar Katrina ta 2005, wadda ta fasa shingayen ruwa, ta nutsar da kimanin kashi 80 cikin 100 na New Orleans, ta hallaka mutum fiye da 1,000. Bugu da ƙari, Jay-Z, sarkin mawaƙan New York, wanda shi ma Carter ne sunan gidansu, ya zo ya sa baki a waƙar Mr. Carter. Masu lura da al'amura sun ɗauki wannan tamkar mubaya'a ce Arewa ta yi wa Kudu. A watan Fabrairun 2009 Wayne ya karɓi lambobin Grammy huɗu, har da ta gwarzon faifan gambara.

Sai dai inda ɓarayin waje suka kasa, rigimar cikin gida ta iya. Bryan Williams, wanda Wayne ke kira uba, shi ne suka ɓata da shi a kan kuɗi da kuma riƙe wani sabon faifai. A 2015 Wayne ya kai Cash Money ƙara yana neman dala miliyan 51. Ba a sasanta ba sai a 2018, kuma a watan Satumba na wannan shekara ne Tha Carter V ya samu fitowa, bayan ya yi shekara huɗu a kulle.