Daga Aji Zuwa Gidan Burodi: Binciken Ɗalibi a Kan Farashi da Riba

A 1951 Ba'amurke Joel Dean ya wallafa littafin da ya fito da ilimin tattalin arzikin tafiyar da kamfani. Tambayar fannin ita ce ta kowane ɗan kasuwa: nawa za a sarrafa, a nawa za a sayar?

Ɗalibi mai binciken kammala digiri ba sai ya nemi babban kamfani ba. Gidan burodin unguwa ya ishe shi. Bayan janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin dakon fulawa ya tashi, masu burodi suka shiga tsaka mai wuya: a ƙara kuɗi ko a rage girma?

A ce haya da albashi suna cin naira 300,000 a wata, kowane burodi kuma yana barin naira 100 bayan an cire kuɗin fulawa, sukari da itace. Sai an sayar da guda 3,000 kafin a fara ganin riba.

Daga nan ɗalibin zai buɗe littafin ciniki. Idan an ƙara farashi da kashi 20 cikin ɗari, yawan burodin da ake saye ya ragu da kashi 5 kacal, to ƙarin ya kawo kuɗi.