Yara da Hoton Sallah a Ikara, Makarfi da Kudan

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

 Yau arewacin Jihar Kaduna muka nufa, cikin ƙasar Zazzau, wato Ikara da Makarfi da Kudan, ƙananan hukumomi uku da ke jere da juna. Idan aka ambaci wannan yanki, rake da mazarƙwaila da tumatir ne ke fara zuwa ran mutum. To amma yau yaran yankin ne a gabanmu, da hotunan da muke ɗaukar su ranar Sallah, ko ranar Kirsimeti a gidajen 'yan'uwanmu Kirista, ko ranar saukar karatu, ko duk ranar da maigida ya kwashi iyali aka fita shan iska.

Wanda ya haura shekara arba'in a Hunkuyi ko Paki ko Gazara zai tuna mai hoto na da. Da an sauko daga Idi za ka hango shi, kyamara rataye a wuya, a kan keke ko ɗan babur. Wani yana da shago, ya kafa labule mai zanen gidan sama ko jirgin sama, ga furen roba a kan ɗan teburi. A jera yara bisa tsawo, babba a baya, ƙarami a gaba, kowa ya manne hannuwa a jiki, ya zare ido, ba mai motsi. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, don haka ba a ɓarna. Sai fim ya cika a kai Zariya ko Kano a wanke, ku kuwa ku yi ta jira, har wata rana ku ji sallamar mai hoto a zaure da 'yar ambulan a hannu. Wasu dattawan ba sa yarda a ɗauke su sam, saboda abin da suka ji daga malamansu, amma yawancinsu kan kau da kai idan jikoki suka jeru.

Hoto ɗaya tak gida kan samu a shekara, wani lokacin ma a shekaru. Amma yana nan. Ku buɗe adakar Hajiya, ko tsohuwar jakar Baba, za ku same shi, gefensa ya ɗan ci, launinsa ya koma ja-ja, amma ga Yaya da hular da ta fi kansa, ga Inna tana 'yar shekara bakwai da lalle har gwiwar hannu.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma mai kyamara ta iso ƙauyuka. Yau yarinyar da aka haifa a Likoro, kafin a yi suna an ɗauke ta hoton da ya fi na kakarta tun daga haihuwa har tsufa. Sai dai tambayar da ke damuna ita ce: ranar da wannan yarinya za ta cika shekara ashirin, guda nawa za ta samu? Waya ta faɗa rijiya, ko an zare ta a kasuwa, ko memori ya ƙi buɗewa, ko waya ta cika an share don a samu wurin saka wani abu. Wanda aka ɗora a sitatus na WhatsApp kuwa, awa 24 ne wa'adinsa. Muna ɗauka ba adadi, muna adana kaɗan ƙwarai.

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Malik Sidibe, wanda ya rasu a 2016. Aikinsa ke nan bin bukukuwa, da bin matasa bakin Kogin Neja ranar hutu, yana ɗaukarsu suna wanka suna wasa. A lokacin ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Amma mutumin ya adana fina-finan hotunansa a cikin kwalaye, shekara da shekaru. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, kuma yau duk mai son sanin yadda samari da 'yan matan Bamako suka rayu a shekarun 1960 da 1970, hotunansa yake nema. Ba mu da kogi irin Neja a Makarfi, amma muna da fadama da rafi, ga madatsar ruwa ta Tiga a maƙwabciyarmu Jihar Kano, ga gidan zu na Audu Bako da ake cika motoci ana kai yara bayan Sallah. Abin da ya rage mana shi ne irin wannan adanawa.

[Kiɗa kaɗan]

To, bari mu sauko kan ɗaukar hoton kanta, domin iyaye da yawa na kukan cewa an kashe kuɗi an yi ɗinki, amma hoto ya fito fuskar yaro duhu, shadda kawai ke ƙyalli. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyamarar waya tana auna haske ne da abin da ya fi yawa a gabanta. Idan farar shadda ta cika mata ido, sai ta rage haske, fuska ta nutse. Maganin shi ne ka taɓa fuskar yaron a kan gilashin wayar kafin ka danna, sai ta auna da fuskar. Kuma a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a bazara, Babba kuma a farkon damina, lokacin da rana ke dukan tsakar ka tun hantsi. A irin wannan rana yaro zai runtse ido, inuwar hula ta rufe masa rabin fuska. Ku ja shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko bakin ƙofar zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Ko ku bari sai bayan la'asar. A goge idon kyamarar da gefen riga, domin ƙura da maiƙon naman Sallah ne ke sa hoto ya yi hazo.

Sannan, Malam, ka durƙusa. Babba idan ya tsaya a tsaye ya ɗauki ɗan shekara uku, ƙoƙon kai da hula kawai zai samu. Ka sauko daidai tsawonsa, ido cikin ido, za ka ga wani yaro daban. Kuma a rage tsawa. "Tsaya da kyau! Daina motsi! Yi dariya mana!" Yaron da aka daka wa tsawa ba ya dariya, yaƙe yake yi. Ku bar su da sha'aninsu. Ga Auta ya zauna a dakali ya baje goron Sallarsa, yana ƙirga sababbin naira ashirin-ashirin, ya ƙirga ya rikice ya sake daga farko, harshe a waje. Ga yayarsa ta miƙa wa Kaka tafukan hannu tana nuna lalle, Kaka ta riƙe yatsun tana duba zanen ɗaya bayan ɗaya. Ga wani ya samu guntun rake, ruwan yana bin haɓarsa yana ɗiga a kan sabon yadi, uwar tana salati daga madafi. Waɗannan su ne hotunan da za a yi ta kallo bayan shekara talatin. A sa tsofaffi a ciki, don Allah. Sau da yawa za ka ga hoton yaro ɗari a waya, babu ko ɗaya da yake kan cinyar kakansa, sai bayan an yi rashi a fara cewa da mun sani.

Idan kuma an je bakin ruwa, hannun babba ya riga kyamara isa ga yaro. Kududdufi da bakin dam suna da santsi, kuma wanda idonsa ke kan waya ba ya ganin inda ƙafar yaro take.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato manhajojin nan masu gyara fuska. Za ka ga jaririya baƙa kyakkyawa, an bi ta da manhaja an mayar da ita fara sol, an ƙara mata girman ido, an shafa mata jan baki. A da, kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin hotunansa ne da katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa baƙar fata ba ta fitowa da kyau, kuma sai a shekarun 1990 ya fito da kati mai mata masu launi daban-daban. Wancan wasu ne suka yi mana. Wannan kuwa mu ne da hannunmu. Yarinya tana da wayo. Idan ta ga duk hoton da uwarta ta yi alfahari da shi an sauya mata launi, ta gane saƙon, ko ba a furta ba. Ranar da ta kai munzali ta fara neman man bilicin, kada a ce ba a san inda ta koya ba.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, hoto yana da wani amfani da ba ma fatan buƙatarsa. Duk shekara hakimai da jama'arsu daga waɗannan garuruwa suna shiga Zariya don hawan Sallah da gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, kuma yara kan bi manya kallon dawaki. A irin wannan cunkoso yaro kan ɓace, mu a gidajen rediyo mun san yawan cigiyar da ke zuwa a kwanakin Sallah. Abin da ake fara tambaya shi ne: wane kaya ne a jikinsa, kuna da hotonsa? Mun kuma tuna yaran nan tara na Kano da 'yan sanda suka sanar da gano su a watan Oktoban 2019, bayan an sace su an kai su Onica a Jihar Anambra. Don haka kafin a fita yawon Sallah, a ɗauki kowane yaro shi kaɗai, daga kai har ƙafa, da kayan da ke jikinsa a ranar, a bar shi a waya.

A waya na ce, ba a Facebook ba. Iyayenmu mata sun san kambun baka, shi ya sa ba sa son a yi ta yaba jariri ba tare da tubarkalla ba. Yau ga mu muna baje shi gaban dubban mutanen da ba mu taɓa gani ba, da cikakken sunansa, da rigar makarantarsa mai tambari, da ƙofar gidanmu a bayansa. A halin tsaron da Jihar Kaduna ta sha fama da shi, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Hoton yaro tsirara yana wanka, ko yana kuka, ko ya yi fitsarin kwance ana masa dariya, wannan kam bai kamata ya bar gida ba ko kusa. Zai girma, abokansa za su gani, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa da sauƙi. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta wajabta wa makarantu da kamfanoni da ƙungiyoyi neman yardar iyaye ko waliyyi kafin su yi amfani da bayanan yaro, sai a 'yan wuraren da dokar ta keɓe. Faransa ta wuce nan: a 2024 ta yi dokar da ta ɗora wa iyaye su kansu alhakin kare hoton ɗansu, da jin ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa. Mu ma ba sai an kai mu kotu ba. Ɗan shekara bakwai ya isa a ce masa, "Abba, in tura wa Gwaggo wannan?" Idan ya noƙe kafaɗa, a bar shi.

Sai wanke hoto. Cikin ɗarin da kuka ɗauka, ku zaɓi biyar ko goma. Ku kai wa mai hoto wayar da kanta, ko memorin, domin wanda aka tura ta WhatsApp ƙarfinsa ya ragu. Idan an wanke, a juya bayansa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da garin, da shekarar, da boko ko da ajami. A sa a leda, a ajiye inda gara da ɗigar damina ba sa kaiwa.

Kafin lokaci ya ƙure mana, akwai yaran da ake ɗauka ba tare da kowa ya tambaye su ba, kuma ba su da mai tsaya musu. Duk ƙarshen azumi ƙungiyoyi da 'yan siyasa da masu hali suna raba wa marayu da almajirai kayan Sallah. Allah Ya saka da alheri, aiki ne babba. Amma dubi yadda ake yi: a jera yara a rana, a ɗora wa kowa yadi da takalmi a hannu, a ce su ɗaga sama, mai bayarwa ya tsaya a tsakiya yana murmushi, kafin magariba hoto ya zaga gari. Ka duba fuskokin yaran da kyau. Yarinya 'yar shekara goma ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, don ta san gobe a Islamiyya za a ce, ai mun gan ki, kayan sadaka ne a jikinki. Ranar Idi kowa na taƙama da ɗinkinsa, ita tana ɓoye nata. Wane ne a cikinmu zai yarda a yi wa 'yarsa haka?

Na san hujjar da ake bayarwa, cewa waɗanda suka ba da kuɗi suna son ganin shaida, gani ya kori ji. Gaskiya ne. To a ɗauki hoton kayan a jibge, da rasit, da telolin da ke ɗinki, da mai unguwa ko limamin da ya shaida rabon. Idan lallai sai yara sun fito, a ɗauka daga baya, ko hannuwa kawai. In kuwa ana son a haɗa maraya da kyamara, ga hanya: ranar Sallah, bayan ya yi wanka ya sa kayansa, a kira mai hoto ya ɗauke shi shi kaɗai, ko da ƙannensa, ba kwali, ba tambarin ƙungiya, ba mai bayarwa a gefe. A wanke, a rubuta sunansa da shekarar a baya, a damƙa masa a hannu ya kai wa mahaifiyarsa. Almajirin da ke tsangaya a Ikara, iyayensa na can wani gari sun shekara ba su sa shi a ido ba, a wanke masa biyu, ɗaya nasa, ɗaya a ba direban motar garinsu ya kai gida. Kuɗin duka bai kai na yadi ɗaya ba.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. 

[Kiɗan rufe shiri]