Bulo da Falanki: Kanta Mai Araha ga Masu Gyaran Waya a Gida

A Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, matasa da dama a zauren gida suke gyaran waya da fitilun sola. Babbar matsalarsu wurin ajiya: wayoyin mutane a kan tabarma, batir a ƙasa, ga ƙurar hunturu, ga yara na shige da fice. Da an taka gilashin waya ɗaya, riba ta tafi, mai kaya kuma ba zai dawo ba.

Kantar ƙarfe sai an biya mai walda, amma bulo da katako ma sun wadatar. Falanki mai faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12, in aka yanka shi uku, zai ba da hawa uku masu ƙafa 4. Ana ajiye bulo a kowane gefe, a ɗora katako, a sake ɗora bulo. Kada a wuce hawa uku, tunda ba siminti ke riƙe da ita ba. A kuma bar tazara tsakaninta da bangon ƙasa saboda gara.

Batirin sola da inbata a hawan ƙasa za su zauna, inda iska ke ratsawa, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji. Batiran waya kuwa a nesanta su da rana da ƙarfen dalma, don zafi na kumbura su. Ƙananan sukurori a zuba a robobi masu murfi. Wayoyin mutane su hau can sama, kowace da sunan mai ita, a rufe da labule.