A Taimaki Yaranmu Masu Son Tuƙin Jirgi

Edita,

Ɗana yana koyon tuƙin jirgin sama a tsohuwar kwamfuta da Microsoft Flight Simulator. Ya ɗauki tsohon DC-3, ya sake masa fenti kore da fari, har da giwa mai fiffike ta Nigeria Airways da ta durƙushe a 2003. Wallahi da na ɗauka shiririta ce, sai da na ga ya sauke shi Kano lami lafiya.

Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi nan Zariya tun 1964, amma ni da buhun taki ke gagarata, ina kuɗin? Ina roƙon gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki nauyin karatun irin waɗannan yara.

Wani manomi,
Tudun Wada, Zariya.