Ko Ka Sani? Fatar Ragon Layyarka Hawa Uku Ce

Ranar Babbar Sallah da hantsi, in ka bi ta lungunan Lamisula a Maiduguri, da wuya ka wuce ƙofa uku ba ka tarar da ana fiɗar rago ba. Tsaya ka kalli mai fiɗar. Zai ɗan tsaga fatar ƙafar baya, ya zura tsinke ya buɗe hanya, sannan ya kafa baki ya yi ta hurawa. Kan ka ce kwabo rago ya kumbura suntum, yara na bubbuga shi yana amsawa kamar ganga. Daga nan aiki ya zo da sauƙi, da dunƙulen hannu ma sai ya ture fatar ta rabu da nama.

To ina iskar nan take shiga? Amsar tana cikin yadda Allah Ya tsara fata.

Hawa uku, kowane da aikinsa

Fatar rago, da ta saniya, da taka, duk hawa uku ce. Na sama siriri ne, babu jini a cikinsa, kuma bayansa matattun ƙwayoyi ne da suke kakkaɓewa kullum, sababbi na turowa daga ƙasa. A jikin ɗan Adam yakan sabunta cikin kusan mako huɗu. Shi ne katangar da ke tare ƙwayoyin cuta daga waje, ya kuma hana ruwan jiki tsiyayewa. Farin da ke fitowa a ƙwaurin yaro da hunturu, wannan hawan ne iska ta busar.

Na tsakiya shi ne mai kauri. Saƙa ce ta wasu zaruruwa masu ƙarfi da masana ke kira kolajin, kuma a nan jijiyoyin jini suke, da jijiyoyin da ke jin zafi da sanyi da taɓawa, da saiwar gashi, da maɓuɓɓugan zufa da na maiƙo. Na ƙasa kuwa sako-sako ne, kitse da yana, shi ya haɗa fata da nama ba tare da ya ɗaure ta tam ba. Nan iskar mai fiɗa take bi. Nan ne kuma likitan dabbobi yake tsira allura in ya tattaro fatar wuyan akuya da yatsu biyu.

A wannan sashe dabbobi da yawa suna da wata siririyar tsoka. Da ita doki yake karkaɗa daidai wurin da ƙuda ya sauka, sauran jiki bai motsa ba. Mu ragowarta kaɗan ce gare mu, a wuya da fuska, shi ya sa sai mun kai hannu.

Ƙaho da kofato 'yan gida ɗaya ne

Ko ka san gashi, da farce, da kofato, da kuben ƙaho, da gashin tsuntsu, duk fata ce ta haife su? Sinadari guda ne, sunansa keratin. Manya-manyan ƙahonnin shanun Kuri na Tafkin Chadi ƙashi ne daga ciki, fata ta yi masa kube. Ƙayar bushiya da kibiyar beguwa kuwa gashi ne da ya yi tauri. Beguwa ba ta harba kibiyarta kamar yadda ake faɗa, da baya take afka wa maƙiyi, kibiyar ta tsinke ta maƙale masa.

A gindin kowane gashi akwai 'yar tsoka da ke miƙar da shi. In sanyi ya kama akuya sai gashinta ya tashi, ya tare iska mai ɗumi kusa da jiki. Kyanwa ma haka take yi in ta ga kare, don ta ƙara girma a idonsa. Abin da muke cewa tsigar jiki ta tashi ke nan, sai dai mu gashin namu bai kai ya yi mana bargo ba.

Yadda ake tsira da zafin Afrilu

Wanda ya yi bazara a Maiduguri ya san ma'auni kan haura 40 a watannin Afrilu da Mayu. Kowace dabba da dabararta. Doki gwanin zufa ne. Dubi dawakan hawan Shehun Borno bayan sukuwa, za ka ga farar kumfa a wuya inda linzami ke gogawa, domin a zufar doki akwai wani sinadari mai kama da sabulu da ke taimaka mata ta ratsa gashi ta bazu ta bushe. Kare kuwa zufarsa ta sanyaya jiki kaɗan ce, a tafin ƙafa, sai ya koma haki da harshe a waje. Kaza ba ta zufa sam, shi ya sa za ka gan ta a inuwa baki buɗe, fukafukai a sake.

Shanunmu masu tozo sun fi shanun Turai yawan maɓuɓɓugan zufa da girmansu, wannan na cikin dalilan da suka sa saniyar da aka kawo daga ƙasar sanyi take galabaita a nan. Je Kasuwan Shanu ka buɗa gashin Bunaji, farar saniyar Fulani: gashi fari, fata baƙa. Farin yana mayar da hasken rana, baƙin yana tare ɓangaren hasken da ke ƙona fata. Tumakinmu ma, Balami na ƙasar Borno da Uda da 'Yankasa, gajeren gashi gare su, babu tulin ulu irin na tumakin Ingila.

Raƙumi da rigarsa

Hankali zai ce a yi wa raƙumi aski ya sha iska. Wani masani mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya gwada haka a saharar Aljeriya a shekarun 1950, sai ya tarar raƙumin da aka aske yana asarar ruwa fiye da mai gashi da kusan rabi. Ashe gashin laima ne. In ƙishi ya kama raƙumi, yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga wajen 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma kafin ya soma zufa sosai, dare ya yi ya sauke zafin ba tare da ya ɓarar da ruwa ba. Kitsensa a tozo aka tara shi wuri guda, don kada ya lulluɓe jiki ya riƙe zafi. Ga kuma kanta a ƙirji da gwiwoyi, wadda yake durƙusawa a kai bisa yashin da ba ya takuwa.

Fata mai sha, fata mai numfashi

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Da fatar cikinsa yake tsotsa, kuma da fata yake wani ɓangare na numfashinsa, shi ya sa bushewa ajali ce gare shi. Gaiwa ta fi ban mamaki. In fadamun yankin Tafkin Chadi suka ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, fatarta ta fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zame mata kwanso, saura 'yar kafa ta wajen baki da take shaƙar iska. Haka za ta kwanta wata da watanni har damina ta faɗi.

Kada fa? Mutanen Maiduguri ba su manta ranar 10 ga Satumba, 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, aka yi gargaɗin cewa kadoji da macizai sun fita. Bayan kada sulke ne, da faifan ƙashi a binne cikin fatar. Amma dubi 'yan ɗige-ɗigen da ke gefen muƙamuƙinsa: sun fi kan yatsanka jin taɓawa, da su yake gane motsin abin da ya taɓa ruwa cikin duhu. Maciji kuma in zai yi saɓa, hawan sama ne yake tuɓewa gaba ɗaya, har da murfin ido. Shi ya sa idonsa ke yin hazo kwanaki kaɗan kafin nan.

Abin da majemi yake nema

Duk aikin jima, in ka lura, raba hawa ukun nan ne. Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka, gashi da hawan sama su saɓule. Zai karce bayanta ya fid da kitse da yana. Abin da ya rage na tsakiya ne, shi yake tsomawa a ruwan bagaruwa, baurinta ya kama zaruruwan ya hana su ruɓewa. Daga nan baduku ya karɓa, a rina da karan dafi, a ɗinka takalmi da kube da laya. Mai miya ma wannan hawan take nema: gandar da ta dahu ta yi danƙo, kolajin ne ya narke.

Ingancin wannan saƙa ne ya fitar da sunan jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake ce wa ta Maraɗi. Ayari ya riƙa ƙetare Sahara da fatunta zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta can, suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita.

Hawan sama yana warkewa ba tabo, amma abin da ya ratsa zuwa na tsakiya ya zauna ke nan. Cizon kaska, da kirci, da tambarin ƙarfe mai zafi, duk sai sun fito a majema, kuma a farashi ake jin su. Haka ma wuƙar mai gaggawa ranar layya. Saboda haka in za a feɗe rago bana, a rage wuƙa a ƙara hannu, a baɗe fatar da gishiri tun da ɗuminta, kada a yar da ita a rana tsakar gida har la'asar.