Dokar Jirgi da Wayon Fasinja

Yau teku za mu shiga, cikin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa masu ɗibar 'yan hutu daga Miami ta Amurka zuwa tsibiran Karebiyan, ko su tashi daga Sifaniya da Italiya su zaga gaɓar Bahar Rum.

Idan an ce jirgi, kada ranku ya kawo muku ƙaramin abu. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365. Yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata fiye da 2,000. Gari ne guda a kan ruwa, kuma duk wanda ya shiga, sai ya zauna da maƙwabcin da bai zaɓa ba har mako ya ƙare. Shi ya sa dokoki suka yi yawa, masu karya su ma suka yi yawa.

Mu fara da ƙaramin laifi, wanda kuma ya fi haddasa cacar baki. Tun da duku-duku wani zai fito da tawul biyar, ya shimfiɗa su a kujerun bakin wurin ninƙaya, ya koma ɗaki ya ci gaba da barcinsa. Sai rana ta take ya fito. Kamfanoni sun hana haka, suna cewa kujerar da aka bari ba kowa na wani ɗan lokaci za a kwashe kayan da ke kanta. Amma wane ƙaramin ma'aikaci ne zai so ya taɓa tawul ɗin baƙon da gobe zai iya rubuta ƙara a kansa? Wanda ya taɓa ganin an aika yaro da darduma ya kama wuri a sahun gaba ranar Juma'a, mai dardumar kuwa sai an kusa tayar da salla ya iso, ya san irin haushin da ake ji.

Sai masu fasa-ƙwaurin giya. A cikin jirgi abin sha yana da tsada, kuma babbar hanyar samun kuɗin kamfani ce, don haka aka hana shiga da mai ƙarfi daga waje. Wasu sai su ɗura ta a kwalbar maganin kurkure baki ko ta sabulun wanke gashi. Wasu mutum ɗaya zai biya kuɗin abin sha na mako, lemo ne ko kofi, ya riƙa karɓowa yana miƙa wa iyalinsa. Hujjarsu ɗaya ce: wannan doka aljihun kamfani take karewa, ba ran kowa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ba zan ɓoye muku ba. Amma wanda ya sa hannu a sharuɗɗan tikiti da niyyar zai saɓa, ya sani cewa alkawari ya karya, ko da wanda ya yi wa alkawarin attajiri ne.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun tukuici. Yawancin kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja wani kuɗi kullum, a wasu ya kusa dala 20, a tara a raba wa masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci. An yarda mutum ya je teburin karɓar baƙi ya ce a rage ko a cire. Ba a karya wata doka ba ke nan. To, amma su wa abin yake taɓawa? Ma'aikatan nan galibinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, masu kwantiragin wata shida zuwa tara, suna aiki kullum ba ranar hutu. Yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta 2006 ta wajabta a ba su hutun sa'a 10 a cikin 24, ku lissafa sauran da kanku. Fasinjan da ya cire tukuici don yana jin haushin kamfani, mai gyara masa gado ya hukunta. Laifin kamfanin da ya jingina albashin ma'aikacinsa da alherin baƙi yana nan, amma ba kamfanin ne zai aika kuɗi gida a ƙarshen wata ya ga sun gaza ba.

Ku ga fa, mai kwalbar maganin baki ya karya doka, mai cire tukuici bai karya ba, amma a ganina na biyun ya fi cutarwa. Ni dai idan aka kawo mini labarin wani wayo da fasinja ya yi, abin da nake fara tambaya shi ne, wa ya biya?

Akwai dokokin da amsar wannan tambaya rai ne. An hana dutsen guga a ɗaki, an hana kyandir, an hana shan taba a baranda. Sai ka ji wani yana cewa takura ce. A watan Maris na 2006 wuta ta tashi cikin dare a jirgin Star Princess yana kan hanyar Jamaika. Masu bincike na Birtaniya sun ce mafi kusa da gaskiya guntun taba ne da aka yar ya faɗa wata baranda. Wutar ta bi barandu ta ci ɗakuna masu yawa, mutum ɗaya ya rasu. A teku babu motar kashe gobara da za a kira, babu kuma titin da za a gudu a tsaya.

Haka batun wanke hannu kafin shiga wurin cin abinci, da kai rahoton kai idan gudawa da amai suka kama mutum. Wasu suna ɓoyewa don kada a killace su a ɗaki, hutu ya tafi a banza, sai su shiga layi su kama cokalin zuba abinci da ɗaruruwa za su kama bayansu. Wanda ya tuna Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda korona ta kama fiye da mutum 700 cikin kimanin 3,700, ya san yadda cuta take gudu a jirgi. A 2019 kuwa Royal Caribbean ya haramta wa wata mata shiga jiragensa har abada, saboda ta hau kan shingen barandarta don a ɗauke ta hoto. Da ta faɗa, da jirgi ya juya, an sauke ma'aikata cikin ƙaramin kwalekwale su neme ta, dubban mutane suna jira.

Kamfanonin ma suna da nasu kason. Murya ɗaya suke amfani da ita wajen hana kwalbar waje da hana kyandir, duka su ce don tsaro ne. Fasinjan da ya gano ta farkon kasuwanci ce, sai ya ɗauka ta biyun ma haka take.

Kuma karya doka mafi muni da aka gani a wannan harka a zamaninmu, ba fasinja ne ya yi ta ba. Daren 13 ga Janairun 2012, jirgin Costa Concordia ya tashi daga Civitavecchia ta Italiya da mutum fiye da 4,200. Kyaftin Francesco Schettino ya kauce wa hanyar da aka tsara, ya matsa kusa da tsibirin Giglio don gaisuwar burgewa. Jirgi ya goge dutse, ruwa ya fara shiga. Aka ce wa fasinjoji matsalar wutar lantarki ce, har aka roƙi wasu su koma ɗakunansu. Sai da aka shafe fiye da sa'a guda kafin a ba da umarnin barin jirgi. A wannan dare, wanda ya ƙi komawa ɗaki, ya sa rigar ceto ya tsaya kusa da kwalekwalen ceto, shi ne ya yi daidai, duk da ya saɓa wa abin da aka faɗa masa. Mutum 32 suka rasu. Shi kyaftin ɗin ya bar jirgin tun akwai sauran mutane a ciki, wani jami'in tsaron gaɓar teku, Gregorio De Falco, yana daka masa tsawa ta waya ya koma. A 2015 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 16.

Kusan mutum 700 da suka hau a Civitavecchia ba a riga an yi musu atisayen ceto ba, don dokar lokacin ta ba da sa'a 24 bayan hawa. Ba su san inda za su taru ba, ba su san cewa busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa ita ce alamar gaggawa ba. Yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, sai da aka sake yi mata gyara. Daga farkon 2015 dole a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Yanzu a jirage da yawa bidiyo ake kallo a waya, sannan mutum ya je wurin taruwarsa a duba katinsa. Abin 'yan mintoci ne, amma har yau sai an yi ta kiran sunayen wasu a lasifika, jirgi yana jiransu.