Mota Mai Batir Biyu da Na'urar da ke Raba Su

Batirin da mota ke zuwa da shi aiki ɗaya aka yi shi dominsa: ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi har inji ya tashi, daga nan altaneta ta karɓi aiki ta mayar masa da abin da ya bayar. Ba a ƙera shi don ya yini yana ciyar da firji ko lasifika alhali inji na kashe ba. Idan ana zuƙe shi ƙarƙaf a kai a kai, farantan dalmar da ke cikinsa kan lalace, ya mutu tun lokacinsa bai yi ba. Shi ya sa motar ɗaukar marasa lafiya, ko mai ɗauke da firjin allurar rigakafi, ko motar talla mai yawo da lasifika, take buƙatar batir na biyu, irin mai jure zuƙa.

Wajen haɗa su ake samun matsala. Idan aka haɗa batiran biyu da waya kai tsaye, sun zama kamar tankunan ruwa biyu da bututu ɗaya ya haɗa: duk wanda aka ɗiba, ɗayan ma zai ragu. Firji ya kwana yana sha, da safe a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas kawai. In motar otomatik ce, ko turi ba zai tashe ta ba.

Na'urar raba batir, wadda masu gyaran wutar mota ke kira aisoleta, tana zama ne a kan wayar da ta haɗa batiran. Idan inji na aiki sai ta haɗa su altaneta ta cika duka biyun. Da an kashe inji sai ta raba su, batirin tayar da mota ya zauna da wutarsa.

Wadda aka fi amfani da ita tana gane halin inji ne ta ƙarfin wuta. Cikakken batir da ke hutawa yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.7, altaneta kuwa idan tana caji takan kai 13.8 zuwa 14.4. Saboda haka na'urar kan haɗa batiran idan wuta ta kai wajen 13.3, ta raba su idan ta sauko wajen 12.8. Wanda ya kasa kunne kusa da ita zai ji wani ɗan ƙas jim kaɗan bayan inji ya tashi. Haɗuwar ke nan. Akwai makunnin hannu, mai araha, amma ranar da direba ya manta da shi ba shi da wani amfani. Akwai kuma mai dayod, wadda ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Ba ta da abin da ke motsi a ciki, sai dai tana cinye kusan bolt 0.7 ta mayar da shi zafi, don haka batir kan daɗe bai cika sosai ba.

Sababbin motoci da yawa, musamman na Turai, kwamfuta ce ke sarrafa altanetarsu, tana rage caji don tsimin mai. A irinsu wuta kan faɗi ƙasa da 13 ana cikin tafiya, na'urar ta yi ta haɗawa tana rabawa. Abin da ya dace da su shi ne caja ta musamman da ke karɓar wutar mota ta daidaita ta kafin ta shiga batir na biyu. Batirin lithiyam ma ita yake so, domin yakan ja wuta da yawa har altaneta ta yi zafi.

Babban haɗarin shi ne gobara. Wayar da ke tsakanin batir biyu tana samun wuta daga ɓangarorin biyu, don haka dole a sa fiyus kusa da kowane batir, ba ɗaya kawai ba. Wayar ta zama mai kauri, a sa mata roba duk inda ta ratsa ƙarfen mota. Ɗabi'ar ɗaura guntuwar waya a madadin fiyus da ya ƙone kuwa ganganci ne. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, tartsatsi kaɗan ke kunna ta. In za a ajiye shi cikin mota, a ɗaure shi tamau cikin akwatin da ke fitar da iskar waje.

Batir biyu na tirela da manyan motoci wani tsari ne daban: jera su aka yi su ba da bolt 24. Jan wutar rediyo ko caja daga guda ɗaya yana sa shi rama, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, duka su lalace.

Kafin a karɓi mota daga hannun mai gyara, a sa ya gwada da mita a gaban mai ita. Inji na aiki, batiran biyu su nuna sama da 13. A kashe inji a kunna kayan wutar da ke kan batir na biyu na ɗan lokaci: bayan na'urar ta raba su, na biyun ne kaɗai ya kamata ya ci gaba da sauka. In duka suka ci gaba da sauka tare, aikin bai yi ba.